Jinjirin Watan Baba Ɗan'asabe

Ko zan manta da duk ranakun da na yi a wannan aiki, ba na jin zan taɓa mantawa da yammacin da na ƙaryata Baba Ɗan'asabe a gaban jama'a. Ku da kuka shigo ɗakin gwajin nan kwanan nan, na san kuna gulmata a bayan ido, wai Oga Habu ya cika tsanani, ba ya sa hannu a rahoto sai ya tsare mutum da tambaya kamar ɗan sanda. To ku gyara zama ku ji inda abin ya samo asali.

A lokacin ina shekarata ta huɗu a sashen nan, matsayina mataimakin ma'aikacin ɗakin gwaji, wato matakin da yawancinku kuke kai yanzu. Aikina shi ne kula da madubin hangen nesa, goge gilasai, haɗa kyamara, sai kuma abin da nake taƙama da shi, gyaran hotunan sama da iska ta dagula. Shugabata wata Bayarabiya ce mai ƙarancin magana, Dokta kawai muke ce mata. Idan ta yi maka tambaya ɗaya, ka tabbata akwai rami a gabanka.

Saboda baƙin da ke cikinmu, bari in faɗi yadda aikin yake. Hasken wata ko na tauraro yakan yi doguwar tafiyarsa lafiya lau, sai ya zo dab da mu ya shiga iskar duniya, a nan yake gamuwa da wahala. Iskar nan ba a zaune take ba. Mai zafi tana hawa, mai sanyi tana sauka, kowace da yadda take lanƙwasa haske. Ka jefa cokali a bokitin ruwa, ka kaɗa ruwan, ka leƙa. Cokalin yana nan inda yake, amma za ka gan shi yana rawa yana karkacewa. Haka sama take a idon madubinmu. Shi ya sa ba ma ɗaukar hoto ɗaya. Bidiyo muke ɗauka, hotuna dubbai cikin minti biyu ko uku. A cikinsu akwai waɗanda aka ci sa'a iska ta ɗan lafa. Sai mu tsince su, mu daidaita su a kan wani abu guda da ke cikin hoton, mu jera su ɗaya bisa ɗaya. Dagulewar da ke sauyawa daga hoto zuwa hoto sai ta shafe junanta, abin da yake na gaskiya kuma ya yi ta ƙara fitowa. Wannan daidaitawar ita muke kira ɗauri a ɗakin nan.

Ni haifaffen Agege ne, a nan Legas. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mahauci ne, kuma Baba Ɗan'asabe amininsa ne, dillalin fatu a bayan mahauta. Tun kafin a haife ni shi ne idon unguwarmu wajen duban wata. Duk ranar ashirin da tara ga wata, da la'asar sakaliya, zai wanke gishirin fata daga hannunsa, ya canza riga, ya hau rufin benen da ke jikin masallacinmu tare da wasu dattawa. Abin da suka gani sai su shaida wa liman, Malam Isiyaku, shi kuma ya miƙa gaba inda ake tattara shaidu. Ba su ke yanke hukunci ba, amma ba a taɓa mayar wa Baba maganarsa ba. Mutum ne da ba shi da gida mai bene, ba shi da mota, wannan amanar ita ce duk abin da yake taƙama da shi.

Sai aka yi masa aikin yanar ido. Ya warke sarai, amma daga nan ƙus-ƙus ya fara, wai idon da likita ya taɓa ai ba ya komawa kamar da. Maganar ta yi yawa har Malam Isiyaku ya kira ni bayan wata sallar asuba.

"Habu, ƙarshen Rajab ɗin nan ka zo mana da madubin nan naku," in ji shi. "Ba wai hoto zai zama shaida ba, shaida ta ido ce. So muke mu san idon wa za mu ci gaba da dogaro da shi kafin azumi ya ƙarato."

Na ce, "Allah gafarta Malam, an gama." Wallahi daɗi na ji har cikin raina. Ɗan mahauci zai zo unguwa da na'ura, kowa ya gani.

Na cike takardar aron kaya, Dokta ta sa hannu. Babban madubinmu mai injin da ke bin tafiyar sama da kansa ba ya ɗaukuwa sai da mota, kuma yana son wuta. Don haka ƙaramin na ɗauka, da ƙafafunsa uku marasa inji, na haɗa da kyamara da kwamfuta, na rungume shi a motar haya ta danfo har Agege, kwandasta na ta yi min tsiya wai ko bindiga ce.

Ranar Juma'a ce. Da na hau rufin nan na dubi yamma, sai na san akwai aiki, domin duk Legas da wuya a sami wurin da ya fi shi muni ga mai irin aikinmu. Mahauta tana daidai inda rana za ta faɗi. Hayaƙin babbakar kawuna da ƙafafu yana tashi, rufin kwano ɗaruruwa suna sakin zafin da suka sha tun safe, ga janareta ko'ina. Na leƙa allon kwamfuta, komai rawa yake yi kamar ana dafa shi a tukunya. Akwai wani dogon ƙarfen sabis na waya a can nesa, shi kaɗai ne abu tsayayye a wajen, shi ma a allon sai lanƙwasa yake kamar igiya.

Mu takwas ne a kan rufin. Rana ta faɗi, aka yi tsit. Baba yana tsaye a gefe, hannayensa a baya, ko motsi ba ya yi. Can sai ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Allahu Akbar. Ga shi can."

Aka rufe shi da tambaya, ina, ina? Ya miƙa yatsa. "Saman kan ƙarfen nan, ta dama kaɗan. Ya kwanta kamar kwale-kwale. Ƙahonsa na hagu ya fi ɗagawa, kuma a tsintsinke yake daga can ƙarshe."

Na juya madubi inda ya nuna, na sa kan ƙarfen a ƙasan allo, na danna ɗauka. Ni dai ban ga komai ba sai jar sama tana tafasa. Sauran dattawan ma suka ƙura ido har hawaye, babu wanda ya gani. Minti biyu da ɗan ɗoriya na samu, sai wani gajimare ya taso daga kudu ya rufe wajen ruf. Muka sauko sallah.

Bayan magariba Malam ya tambayi Baba kamar yadda aka saba, Baba ya maimaita abin da ya faɗa, ya kuma rantse da Allah. Sai idanu suka dawo kaina. A ƙa'ida, aikin nan ba a yin sa da gaggawa. Ana komawa ofis ne a zauna a natse. Amma mutane sun cika barandar masallaci, ana ta cewa Habu buɗe mana, Habu nuna mana, ni kuma kaina ya kumbura. Na buɗe kwamfuta a kan tabarma, na bar manhajar gyaran hotuna ta zaɓi ɗauri da kanta, na sa ta tsince hotuna masu kyau ta jera. Cikin minti ashirin hoto ya fito.

Kai, jama'a! Ban taɓa fitar da hoto mai kyan wannan ba. Ƙarfen nan da ɗazu yake rawa ya tsaya cak, tas da shi, har ƙusoshin jikinsa ana iya ƙirgawa. Mutane suka yi ta salati suna tura kai. A samansa kuwa, inda Baba ya nuna, babu komai. Sama ce fayau.

Wani daga baya ya ce, "To, abin da ya ga ƙusa daga nan, ai da akwai wata da ya gan shi."

Baba ya matso ya durƙusa kusa da ni, ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, "Habu, na gan shi fa."

Ni kuma, Allah ya yafe mini, na buɗe baki na ce, "Baba, na'ura ba ta ƙarya."

Da ubana yana raye da ya ɗauke ni da mari a wurin, kuma da ya yi daidai. Wani ya ce tsufa ne, a yi masa uzuri. Wani ya ce uzuri na me, mutum ya rantse da Allah a kan abin da babu? Malam ya tsawatar, amma magana ta riga ta fita. Bai miƙa shaidar gaba ba, ya kuma ce daga yanzu Baba ya huta da hawa bene saboda ƙafafunsa. Kowa ya san ba ƙafa ake nufi ba. Baba ya ɗauki takalmansa ya tafi, kuma Asabar da Lahadi ba a gan shi a sahun da ya saba tsayawa ba.

Ranar Litinin na mayar da kaya ofis. Maimakon in ji kunya, sai na buga hoton ƙarfen nan a takarda na kai wa Dokta, ina jiran yabo. Na ba ta labarin hayaƙi da zafin kwano, na ce ta dubi yadda na fito da ƙusoshi daga cikin wannan dagulewa. Ta gyara tabarau ta duba.

"Ya yi kyau," in ji ta. "Da wane madubi?"

"Ƙaramin, Dokta."

"Marar inji. A kan me ka ɗaure?"

"A kan ƙarfen."

"Ƙarfen yana tafiya ne?"

Na yi dariya na ce a'a.

"Watan fa?"

Wallahi a nan na gane. Na nemi kujera na zauna ba tare da an ce in zauna ba. Abin da ɗalibin shekarar farko ya sani shi na manta. Sama tafiya take yi. Cikin minti biyu wata yakan gusa kusan faɗin kansa sukutum. Mu a ofis mun saba da babban madubi mai bin sa da kansa, har mun daina tunanin abin. Ni kuma na ɗora madubi marar inji, manhaja ta kama abin da ya fi fitowa a hoton, wato ƙarfe, ta ɗaure komai a kansa. Ƙarfe ya fito tas. Idan kuwa akwai siririn wata da ke sauka a hankali, to kowane hoto ya ajiye shi a wuri dabam, jerawar ta shafe shi a faɗin sama kamar an goga ɗigon man shanu a babban faranti. Da hannuna na goge shi, sannan na ce babu.

Dokta ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Oya, ka soke duk aikin yau. Ban ce yana nan ba, ban ce ba ya nan ba. Je ka duba yadda ya kamata."

Tun ƙarfe goma na safe na zauna. Na lissafa saurin gusawar wata da kusurwar da yake sauka a wannan yammaci. Na sa aka ture kowane hoto baya daidai gwargwadon tafiyar da watan ya yi a lokacin da aka ɗauke shi, yadda idan yana nan zai tsaya wuri guda, ƙarfen ne zai koma mai tafiya. Na cire jan hasken sama da ke danne komai. Hotunan da hayaƙi ya ratsa na zubar da su da hannu, ɗaya bayan ɗaya, ban yarda manhaja ta sake zaɓar min komai ba. Ko abincin rana ban ci ba.

Wajen la'asar na fara jerawa. Hamsin na farko, babu komai sai ƙura-ƙura. Na ƙara zuwa ɗari biyu, sai na ga kamar wani ɗan dishi-dishi a tsakiya, na ce kada dai son zuciya ne ke nuna min. Na ƙara. Ƙarfen ya narke ya zama inuwa a gefe. A samansa, ta dama kaɗan, wani zare ya fara haɗa kansa daga cikin ƙurar, a hankali, gaɓa bayan gaɓa, kamar ana zana shi da bakin allura. Da na kai ƙarshen hotunan sai ga shi ya kwanta, siriri fiye da abin da ake yankewa a farce. Ƙahon hagu ya fi ɗagawa. A can ƙarshensa kuma hasken ya tsinke ya zama ɗigo uku a jere, inda duwatsun wata suka tare rana suka bar ƙololuwarsu kaɗai tana haske.

Na ji kaina ina cewa Subhanallah, Subhanallah, ban san sau nawa ba. Na sha ganin wata a allon nan, na ga ramukansa, na ga zoben taurari, amma ban taɓa jin tsoron Allah a gaban kwamfuta irin na ranar ba. Duwatsu ne a wata duniyar, rana tana taɓa kawunansu, hasken ya taho ya ratsa hayaƙin babbakar Agege ya shiga idon wani tsoho mai sayar da fata, ya kuma faɗe shi daidai. Ni da gilashi da kyamara da lissafi sai da na yi awa shida.

Dokta ta zo ta tsaya a bayana. Na gaya mata yadda Baba ya siffanta shi tun a kan rufi, har da tsinkewar. Ta cire tabarau ta ce, "Da ido? Bayan aikin ido?" Na ce da ido. Sai ta ce in gaishe mata da shi da kyau.

Talata da sassafe na kai wa Malam Isiyaku hoton, na yi masa bayanin kuskurena. Ya saurara har ƙarshe, ya ce lissafin wata dai ya riga ya wuce, ba a komawa baya saboda hoto. "Amma mutuncin mutum ana komawa a ɗauko shi," in ji shi. "A gaban jama'a ka faɗa, a gaban jama'a za ka warware." Bayan azahar na miƙe a masallaci, na ce na'ura ba ta yi ƙarya ba, ni ne na tambaye ta ƙarfe ta ba ni ƙarfe. Na ce Baba Ɗan'asabe ya ga wata, mu bakwai da madubi ba mu gani ba. Takardar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, masu surutun ranar Juma'a kowa ya sunkuyar da kai.

Baba ba ya nan, don haka bayan la'asar ni da Malam muka bi ta bayan mahauta zuwa rumfarsa. Muka same shi zaune a kan benci tsakanin tarin fatu, leɓɓansa a bushe, ya rame cikin kwana huɗu kamar wanda ya yi jinya. Na durƙusa har ƙasa, cikin ruwan gishirin nan, na miƙa masa takardar. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Ga watanka."

Ya karɓa ya nisanta ta da fuskarsa, ya bi zaren da yatsa har zuwa ɗigo ukun nan. Ya ce, "Shi ne." Sai hawaye.

Da ya natsa na tambaye shi abin da ke cina tun jiya, yadda ya yi ya gani cikin wannan tafasar iska. Ya ce, "Ɗana, ai ba a ƙura masa ido. Iskar numfashi take yi. Ka tsaya kawai ka jira, za ta ɗan lafa kamar ƙiftawa, sai ka ga gutsure. Ka riƙe shi a zuci, ka sauko da ido kaɗan tunda shi ma sauka yake, ka jira ta sake lafawa. In ka tara gutsure biyar ko shida, ai ka ga wata." Aikin da na yi shekara huɗu ina koya, har da gusawar da na manta, shi ne tsohon nan ya zayyana min a zaune cikin fatu.

Malam ya ce wa Baba ya shirya hawa bene ƙarshen Sha'aban, ya kuma sa aka kawo ruwan sanyi daga shagon kusa. Baba ya girgiza kai ya ce azumi yake. Malam ya ce azumin me a ranar Talata?

"Yau na uku ke nan," in ji Baba. "Tunda yaron nan ya ce na'ura ba ta gani ba, sai na ce to wataƙila idon ne ya yaudare ni, na rantse da sunan Allah a kan abin da babu. Maganar mutane ba ta hana ni barci ba, Malam. Wannan ce ta hana ni."

Malam ya ce ai ko da bai gani ba, wanda ya rantse a kan abin da ya yi imani da shi babu komai a kansa. Baba ya ce ya sani, zuciyarsa ce ta ƙi. Ni dai a nan na kasa riƙe kaina, na fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ashe ban tsaya ga sa mutane su yi shakkarsa ba, sai da na sa mutumin kirki ya yi shakkar idonsa da rantsuwarsa. Ya dafa kaina ya ce in tashi kada in ɓata wandon ofis. Ya dubi rana ya ce saura kaɗan, zai ƙarasa azumin, amma yanzu na godiya ne.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku ɗauka. Aikinmu yana da daɗin ruɗi, domin hoton da ya fi kyau shi ya fi saurin sa a yarda da kai, ko da ba abin da aka aike ka nema ba ne ya fito. Kuma mutanen da muke kai wa sakamako ba su da hanyar gane inda muka kauce, yarda kawai suke yi, wani lokaci har su yarda da mu fiye da kansu. Don haka idan na tsare ku ina tambayar a kan me kuka ɗaure, me ke tafiya, me ke tsaye, ku yi haƙuri ku amsa. Na taɓa yin gaggawar minti ashirin, wani dattijo ya biya ta da ƙishirwar kwana uku.